Bambancin fikof ɗin jitar lantarki: abin da lambar om take faɗa da abin da take ɓoyewa

"Assalamu alaikum Malam. Ina kaɗa jita a bukukuwan aure a Damagaram. Jitata mai siffar Stratocaster ce, amma ba ta asali ba, tana da fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) uku sirara. Na auna su da mitar awon lantarki, kowanne bai kai kilo-om 6 ba. Wani mai sayar da kayan kiɗa ya nuna mini fikof mai faɗi da ake kira hambaka, an rubuta kilo-om 16 a kwalinsa, ya ce ya ninka nawa ƙarfi kusan sau uku, kuma zai kashe ƙugin da yake damuna duk lokacin da muka tayar da janareta. Mene ne ainihin bambancin waɗannan fikof a ƙira da kuma ta fuskar lantarki? In saya ko in bari?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa uku waɗanda aka saba cakuɗa su a bakin masu sayarwa: ƙarfin sautin da fikof yake fitarwa, irin amon da yake bayarwa, da kuma ƙugin da yake ɗebowa daga waje. Kowannensu yana da nasa sanadin, kuma lambar kilo-om da ke jikin kwali ba ta bayyana ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata. Maganar mai kayan tana da gaskiya a wuri ɗaya, wato hambaka yana rage wani nau'i na ƙugi. Maganar ninki uku kuwa ba haka take ba, kuma akwai abin da za ka rasa a amon jitarka wanda bai faɗa maka ba.

Yadda fikof yake jin tsirkiya

Fikof ƙaramin janareta ne. A cikinsa akwai maganaɗisu, akwai kuma siririyar wayar jan ƙarfe, wadda masu naɗin fanka da injin ruwa suke kira kofa, an naɗa ta sau dubbai a kan kwarkwaro. Maganaɗisun yana sa tsirkiyar ƙarfe da ke samansa ta ɗauki ƙarfin maganaɗisu, idan ka kaɗa ta sai wannan ƙarfi ya riƙa sauyawa a cikin naɗin, sauyin kuma ya haifar da ɗan lantarki mai kai-komo daidai da kaɗawar tsirkiyar. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. George Beauchamp ne ya ɗora ta a kan jita a Amurka a farkon shekarun 1930, a jitar da kamfanin da daga baya aka sani da Rickenbacker ya fara sayarwa a 1932. Lantarkin da ke fitowa kaɗan ne, daga kamar kashi ɗaya cikin goma na bolt zuwa wajen bolt ɗaya idan an doki tsirkiya da ƙarfi a kan fikof mai zafi. Saboda wannan ƙa'idar ne tsirkiyar roba ba ta aiki da irin wannan fikof, domin maganaɗisu bai san da zamanta ba.

Abubuwa uku ne suke yanke yawan lantarkin: yawan zagayen waya, ƙarfin maganaɗisu a daidai inda tsirkiya take, da saurin motsin tsirkiyar. Ka lura cewa turjiyar waya, wato abin da mita take aunawa da om (kilo-om ɗaya om dubu ne), ba ta cikin waɗannan ukun.

Ƙirar da aka fi haɗuwa da su

Fikof irin na Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, naɗi ɗaya ne, dogo kuma siriri. A na asali, sanduna shida da kake gani a sama su ne maganaɗisun da kansu, an yi su da wani haɗin ƙarfe mai suna alniko, an soke su tsakanin faifai biyu na kwali mai tauri, sannan aka naɗa waya kai tsaye a kansu, zagaye wajen 8,000. Wayar lamba 42 ce a ma'aunin Amurka, kaurinta kamar milimita 0.063, kusan kaurin gashi. Mita takan nuna kilo-om 6 ko ƙasa kaɗan. Don haka adadin da ka gani a naka ba alamar rauni ba ne, haka na asali ma suke.

Fikof ɗin P-90, wanda kamfanin Gibson ya fitar a 1946, shi ma naɗi ɗaya ne, amma gajere ne mai faɗi, zagayensa wajen 10,000, turjiyarsa kusan kilo-om 8. Abin da kake gani a samansa kusoshin ƙarfe ne masu murɗawa, maganaɗisun kuwa sanduna biyu ne shimfiɗaɗɗu a ƙarƙashi. Amonsa ya fi na Stratocaster kauri da cika. Fikof ɗin jitar Jazzmaster ta Fender ta 1958 ya yi kama da shi a ido, har mutane kan ɗauka abu ɗaya ne, alhali shi sandunan alniko gare shi kamar na Stratocaster, naɗinsa ne kawai aka baje, kuma amonsu ya bambanta sosai.

Hambaka kuwa naɗi biyu ne gefe da gefe, kowanne zagaye wajen 5,000, da sandar maganaɗisu guda ɗaya a ƙarƙashinsu. Seth Lover ne ya ƙera shi wa Gibson, aka nemi rajistar ƙirar a 1955, ya hau jitar Les Paul a 1957, kuma a daidai wannan lokaci Ray Butts ya yi wa kamfanin Gretsch irinsa mai suna Filter'Tron. Dabarar tana da kyau ƙwarai. An haɗa naɗin biyu ta yadda lantarkin ɗaya yake kishiyantar na ɗayan, sannan aka sa ɗaya yana fuskantar tsirkiya da arewacin maganaɗisu, ɗayan da kudancinsa. Ƙugin da ke zuwa daga waje ba ruwansa da maganaɗisun fikof, naɗin kawai yake shiga, saboda haka sai ya fito a kishiyance, ya kashe kansa. Sautin tsirkiya kuwa an juya shi sau biyu, sau ɗaya ta naɗi, sau ɗaya ta maganaɗisu, sai ya dawo daidai, na naɗin biyu su haɗu su ƙarfafa juna. Hambaka na farko yakan kasance wajen kilo-om 7 zuwa 9. Masu zafi sun zo daga baya, kamar Super Distortion na DiMarzio a farkon shekarun 1970 mai wajen kilo-om 13, da JB na Seymour Duncan mai wajen 16. An yi su ne domin mawaƙan rok da suke so su cika wa amfilifaya ciki har sautinta ya dakushe ya yi gurnani.

Abin da mita take gani

Idan ka ɗora mita a kan fikof, tsawon waya da kaurinta kawai take gaya maka. Waya lamba 42 tana da turjiyar kamar om 5.4 a kowace mita ɗaya ta tsawo, don haka fikof ɗinka mai kusan kilo-om 6 yana ɗauke da waya fiye da kilomita ɗaya. Idan aka sauya zuwa lamba 43, wadda ta fi siranta, turjiyar kowace mita tana ƙaruwa da kamar kashi 26 cikin 100, idan lamba 44 ce kuma ƙarin ya kusan kashi 60 cikin 100. Kwarkwaron hambaka yana da iyakar abin da zai ɗauka, ba yadda za a yi a cusa masa kilo-om 16 na waya lamba 42, dole a yi amfani da wadda ta fi siranta. Kilo-om 16 na lamba 44 tsawonsa ɗaya da kilo-om 10 na lamba 42. Ka ga tun daga nan ninki ukun ya rushe. Fikof ɗin da ke wajen wuyan Telecaster, wata jitar Fender, misali ne da kowa zai iya gwadawa: ana naɗa shi da lamba 43, mita takan nuna shi sama da na Stratocaster, amma a kunne bai fi shi ƙarfi ba.

Akwai kuma zafi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Turjiyar jan ƙarfe tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyos. Fikof ɗin da aka auna a masana'anta a digiri 20 ya nuna kilo-om 6, idan ka auna shi a shago a Damagaram ko Sakkwato cikin watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, zai nuna kusan 6.5, kuma ba abin da ya ƙaru a ƙarfinsa. Ko riƙe shi a tafin hannu na ɗan lokaci yana motsa lambar.

Wannan awo yana da amfaninsa, kuma ni ma da shi nake farawa duk lokacin da aka kawo mini jita. Idan mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke. Idan ta nuna ƙasa sosai da yadda ya kamata, rufin wayar ya ci, zagaye sun taɓa juna. Idan fikof biyu ƙirarsu ɗaya, wayarsu ɗaya, maganaɗisunsu ɗaya, to wanda ya fi om ya fi zagaye, kuma zai fi ƙarfi da kauri. Da zarar ƙira ta bambanta, kwatanta su da om ya zama kamar sayen yadi da nauyi ba tare da an duba irin saƙarsa ba.

Inda amon yake fitowa

Awon da ya fi gaya maka yadda fikof zai yi amo shi ne indoktans, ana auna shi da henri. Shi ne halin da kowane naɗin waya yake da shi na ƙin saurin sauyin lantarki, kuma yadda kaɗawa take ƙara sauri haka ƙin yake ƙaruwa. Na Stratocaster yakan kasance tsakanin henri 2 da 2.5, hambaka na gargajiya 4 zuwa 5, masu zafi kuma sukan kai 8. Indoktans yana hawa ne da ninkin zagaye a kan kansa, wato idan aka ƙara zagaye da kashi 10 cikin 100, ƙarfin sauti zai ƙaru da kashi 10, amma indoktans zai ƙaru da kashi 21. Wannan shi ne cinikin da duk mai naɗa fikof yake yi: ƙarfi yana hawa a hankali, kaifin amo yana sauka da sauri.

Abokin tafiyarsa shi ne kafasitans, wato halin ajiye ɗan lantarki tsakanin wayoyi biyu da suke kusa da juna ba su taɓa ba, ana auna shi da fikofarad. Naɗin kansa yana da wajen fikofarad 100. Kebul ɗin da ke zuwa amfilifaya yana da wajen fikofarad 100 a kowace mita ta tsawo, mai arha yakan fi haka. Idan indoktans ya haɗu da kafasitans, akwai wani mataki na kaɗawa da suke ɗagawa sama da sauran, daga nan kuma duk abin da ya fi shi tsini sai ya faɗi da sauri. Wannan tudun shi ne muryar fikof, kuma inda ya tsaya shi kunne yake kira kaifi ko kauri.

Ga lissafin da kebul mai mita 5, inda jimillar kafasitans take kamar fikofarad 600. Fikof mai henri 2.3 tudunsa yana wajen kaɗawa 4,300 a daƙiƙa, nan ne wannan ƙyalli da tsini na Stratocaster yake. Hambaka mai henri 4.5 yana sauka zuwa wajen 3,000. Mai henri 8, irin wanda aka nuna maka, yana wajen 2,300, wato tsakiya ta cika, sama ta rufe. Yanzu ka mayar da fikof ɗinka na farko, ka sa masa kebul mai mita 10: tudun zai sauko zuwa wajen 3,200, kusa da inda hambaka yake. Ba ka taɓa jitar ba, amma ka sauya mata murya. Masu kiɗan biki suna yawan amfani da dogon kebul domin su samu shiga cikin taro, kuma sau da yawa wanda ya zo mini da kukan jitarsa ta dushe, gajeren kebul mai kyau nake fara miƙa masa ya gwada kafin a kwance ko kusa ɗaya.

Tsawon tudun kuma yana hannun nauyin da aka ɗora wa fikof, wato maɓallan ƙara sauti da na amo, da mashigar amfilifaya. Fender ya saba sa maɓalli mai kilo-om 250, wanda yake ɗan danne tudun domin kada tsinin ya soki kunne. Gibson yakan sa mai 500 ga hambaka domin ɗan kaifin da ya rage ya samu fita. Idan ka ɗora hambaka mai zafi a kan maɓallanka na 250, amon zai ƙara dushewa. Mashigar amfilifayar jita takan kasance om miliyan ɗaya, wadda ba ta danne komai. Mashigar layi ta mikisa kuwa takan tsaya wajen kilo-om 10 zuwa 20, kuma na sha ganin an soka jita kai tsaye a cikinta a wurin biki. A irin wannan hali tudun yana mutuwa gaba ɗaya, sautin ya zama siriri kuma dusasshe, ko da fikof ɗin mafi tsada ne a duniya. Maganinsa na'urar da ke daidaita sautin jita da mashigar mikisa, kamar ƙaramin akwatin DI mai batir, ko feda mai bafa a tsakani, ko mashigar da aka rubuta Hi-Z idan mikisar tana da ita. Ina roƙonka ka duba wannan kafin ka sayi komai, domin shi ne ya fi kowane sanadi yawa a cikin abin da nake gani.

Faɗin wurin da fikof yake saurare shi ma yana da tasiri. Mai naɗi ɗaya yana jin tsirkiya a wuri guda ƙanƙani. Hambaka yana jin ta a wurare biyu da ke da tazarar kusan santimita 2, sai wasu ƙananan kaɗawa masu tsini, musamman na tsirkiyoyi masu kauri, su soke juna tun kafin su zama lantarki. Shi ya sa ko an daidaita indoktans ɗinsu, amonsu ba zai zama ɗaya ba.

Maganaɗisu da sauran ƙarafa

A nan ne aka fi yawan zance marar tushe. Alniko haɗin baƙin ƙarfe ne da alminiyam da nikel da kobalt, yana da aji-aji, alniko 2 ya fi laushi, alniko 5 ya fi ƙarfi. Seramik, wannan baƙin maganaɗisu irin na bayan sifika, ya fi arha kuma yakan fi ƙarfi. Za ka ji ana cewa alniko ɗumi gare shi, seramik kuma kaushi. Maganaɗisu ba shi da amo na kansa. Abin da yake yi shi ne ya yanke ƙarfin da ke kan tsirkiya, sannan jikinsa, a matsayinsa na ƙarfe da ke cikin naɗi ko kusa da shi, ya taɓa indoktans da kuma asarar da ake yi.

Ka kwance murfin jitarka ka juya fikof ɗaya. Idan irin waɗanda aka saba sa wa jitoci masu sauƙin kuɗi ne, za ka ga baƙar sanda ɗaya ko biyu an manna ta da gam a ƙasa, sandunan shida kuma ƙarfe ne zalla, wani lokaci har da ɗan tsatsa a kawunansu inda gumi yake taruwa. Idan na alniko ne, ƙasan a share yake, gindin sandunan shida kawai za ka gani da ƙananan idanu biyu na tagulla inda aka liƙa bakin waya da dalma. Ƙarfe zalla yana ɗaga indoktans fiye da alniko ko da zagayen ɗaya ne, saboda haka fikof mai seramik da sandunan ƙarfe yakan fi ƙarfi da cikar tsakiya, ya kuma rasa wani abu na ƙyallin sama. Bambancin da ake jinginawa ga maganaɗisu, yawancinsa daga waɗannan sanduna yake.

Duk wani ƙarfe da ke kusa da naɗi yana shan wani kaso na sautin, domin sauyin maganaɗisu yana tayar da ƙananan igiyoyin lantarki masu kewayawa a cikinsa, kuma sun fi cin sauti mai tsini. Murfin farin ƙarfe na nikel asararsa kaɗan ce. Murfin tagulla da aka shafa wa ruwan azurfa ko na kurom, wanda aka fi samu a masu arha, yana dushe amo sosai, kuma a ido ba ka iya bambanta su sai ka kankare ciki ka ga ko rawaya ne. Maganar naɗin hannu da irin fentin da ke jikin waya tana da ɗan tushe, domin suna taɓa kafasitans ɗin naɗin, amma a ganina kebul mai mita 5 ya rinjayi wannan bambanci, kuma ban ga dalilin da mai kiɗan biki zai biya ninkin kuɗi a kansa ba.

Abu ɗaya na ƙira da nake so ka kula da shi shi ne jiƙa naɗi da kaki. Fikof ɗin da ba a jiƙa ba, wayoyinsa da murfinsa suna iya rawa idan sifika ta yi ƙarfi, sai ka ji wani fito mai soke kunne wanda ba ya tsayawa ko ka dafe tsirkiyoyi. Ƙwanƙwasa shi da farce amfilifaya tana kunne: idan ya amsa kamar makirufo, yana buƙatar kaki. Ana narka kakin kyandir da ɗan kakin zuma, kamar kashi huɗu da kashi ɗaya, a cikin gwangwani da aka tsoma a ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, a tsaya wajen digiri 65, a tsoma fikof har kumfa ta daina fitowa. Idan zafin ya wuce haka, kwarkwaron roba yana lanƙwashewa.

Ƙugin janareta

Ƙugi iri biyu ne, kuma hambaka ɗaya kawai yake magancewa. Na farko na maganaɗisu ne, yana fitowa daga taransifoma, da injin janareta, da wayoyin da ke ɗauke da wuta mai yawa. A Nijar da Najeriya da Gana wutarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60, saboda haka namu ƙugin yana kan 50 da ninkinsa, 100 da 150, kusa da tsirkiya mafi kauri wadda take kan 82. Alamarsa ita ce idan ka juya jikinka da jitar a hankali, za ka sami wata fuska da ƙugin yake raguwa sosai. Wannan shi ne wanda naɗi biyu yake kashewa. Na biyu kuma zizar lantarki ce, mai kaifi, daga fitilu, da cajar waya, da inbata, da rashin wayar ƙasa, wato wayar da ke zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Alamarta ita ce tana raguwa idan ka taɓa tsirkiya, ta dawo idan ka ɗauke hannu. Wannan ba ruwanta da yawan naɗi. Maganinta shi ne a shimfiɗa takardar jan ƙarfe ko ta alminiyam a cikin ramukan jitar da bayan murfinta, a haɗa su duka da wayar ƙasa, a kuma sami kebul mai rufi mai kyau.

Kafin ka kashe kuɗi, gwada maɓallin zaɓen fikof a matsayi na 2 da na 4. Fender ya fara sa maɓalli mai matsayi biyar a 1977, kuma a jitoci da yawa na yanzu ana juya naɗi da maganaɗisun fikof na tsakiya, ta yadda idan ya haɗu da na wuya ko na wajen jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa kansa a jikin jita), su biyun suna aiki kamar hambaka. Idan ƙugin ya faɗi a waɗannan matsayi biyu, ka tabbatar na maganaɗisu ne, kuma kana da mafita a hannu. Nisantar da janareta da wayoyinsa daga inda kake tsaye, da kauce wa tsayawa dab da amfilifaya, suna rage shi ƙwarai.

Akwai maganar da ta fi amo muhimmanci. Tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin kebul. Idan babu wayar ƙasa, kamar yadda yake a yawancin wuraren da ake aiki da janareta, kuma wani abu ya lalace a cikin amfilifaya ko mikisa, wutar bolt 230 tana iya bi ta hannunka, musamman idan leɓenka ya taɓa makirufo. Idan ka taɓa jin ɗan cizo a leɓe ko a yatsa, kada ka saba da shi. Ka nemi mai aikin wuta ya kafa sandar ƙasa ga janareta, kuma kada a yanke ƙafa ta uku ta fulogi da sunan kashe ƙugi.

In saya ko in bari

Ban ji jitarka ba, ban kuma ga kayan da kake haɗa ta da su ba, saboda haka abin da zan faɗa ya tsaya a kan bayaninka. Idan kiɗanka irin na jitar Sahara ne da ake yi a Agadas da sauran garuruwan Nijar, mai saurin yatsu da amo tsantsa inda kowace tsirkiya take fita daban, to kaifin mai naɗi ɗaya shi ne jarinka. Mdou Moctar, wanda ya kai wannan kiɗa ƙasashen duniya, da Stratocaster aka san shi. Hambaka mai kilo-om 16 zai ba ka ƙarfi, amma zai haɗe maka waɗannan ƙananan bugu, kuma idan amfilifayarka ƙarama ce zai sa ta dakushe tun kafin ka so. Ƙarfi kuwa maɓallin amfilifaya yana bayarwa kyauta, kaifin da fikof ya zubar ne yake da wuyar dawowa. Ga kuma aiki: sai an faɗaɗa ramin katako idan ba a riga an yi ba, a sauya murfi, a sauya maɓalli zuwa 500, a kuma duba tazarar sanduna, domin tsirkiyoyin Fender sun fi na Gibson tazara a wajen jaki.

Ni zan fara da tsayin fikof, wanda ba ya cin ko sisi. Danne tsirkiya a gaɓa ta ƙarshe, ka bar kamar milimita 2.5 tsakaninta da sanda a ɓangaren masu kauri, milimita 2 a ɓangaren sirara, sannan ka daidaita da kunne. Matsowa kusa yana ƙara ƙarfi sosai, amma idan sandunan alniko ne kuma suka matso da yawa, suna jan tsirkiya, sai ka ji sautin yana rawa kamar biyu ne a haɗe, kuma ba ya daɗewa. Bayan wannan sai rufin ciki, da kebul, da mashigar mikisa.

Idan duk an yi ƙugin bai bari ba, akwai hambaka da aka ƙera daidai girman ramin Stratocaster. Wani naɗinsa biyu a goye suke, ɗaya a kan ɗaya, kuma shi ya fi kusa da amon da ka saba. Wani kuma gefe da gefe suke da siraran ƙarafa biyu a sama, shi ya fi kauri. Akwai kuma masu batir, irin na kamfanin EMG, waɗanda suke da ƙaramar amfilifaya a ciki mai aiki da batir ɗin bolt 9: ƙuginsu kaɗan ne ƙwarai, dogon kebul ba ya dushe su, kuma ba sa buƙatar a haɗa tsirkiya da wayar ƙasa, sai dai suna zuwa da nasu maɓallan na kilo-om 25, kuma dole ka riƙa cire kebul bayan wasa domin kada batir ya ƙare.

In kuma ranka ya kwanta a kan babban hambaka, nemi mai matsakaicin naɗi, wajen kilo-om 8, mai wayoyi huɗu a waje, ka sa shi a wajen jaki kaɗai. Wayoyi huɗun suna ba ka damar haɗa naɗin biyu a jere, lantarki ya bi ɗaya sannan ɗayan, ko kafaɗa da kafaɗa, ya rabu ya bi biyun lokaci guda. A haɗin kafaɗa da kafaɗa, turjiya da indoktans suna sauka zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kaifi ya dawo, ƙugin kuma ya ci gaba da mutuwa, abin da kashe naɗi ɗaya ba ya ba ka. Bayan an haɗa, gwada shi tare da fikof na tsakiya. Idan sautin ya zama siriri kamar daga hanci yake fita, lantarkinsu ne yake kishiyantar juna, sai mai gyara ya musanya wayoyin sauti biyu na sabon fikof, ya bar wayar rufinsa a ƙasa inda take.